Wata bakwai da sa wa 'yata na'urar ji: ta yaya zan gane maganarta tana gaba ko ta tsaya?

Maman_Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ci mini rai. 'Yata tana da shekara 2 da wata 1. Tana wata 16 aka tabbatar mana ba ta ji sosai a duka kunnuwa biyu, a takardar gwaji an rubuta wajen desibel 65, wato sai sauti ya kai wannan ƙarfin take fara jinsa. Tana wata 18 aka sa mata na'urar ji dama da hagu, yanzu wata 7 ke nan. Tana juyowa in an kira sunanta, tana yawan gwaranci, kuma tana da 'yan kalmomi, in na ƙirga ba za su wuce 9 ba. Ɗan ƙanwata da suke tsara har labari yake ba ni. Duk lokacin da na tambayi mai koya mata magana sai ta ce "tana ƙoƙari". Ni kuma wannan amsar ba ta kwantar mini da hankali. Da me ake auna ƙoƙarin? Ta yaya uwa za ta san ana gaba ne ko an tsaya wuri guda?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Nusaiba, Allah ya buɗa bakinta. Abu na farko, ki nemi littafi guda ki keɓe shi don ita kaɗai. Duk sabuwar kalma ki rubuta ranar da ta faɗe ta, da yadda ta fito daga bakinta, ba yadda ya kamata ta fito ba. Idan "ruwa" ta ce "uwa", ki rubuta "uwa = ruwa". Ni da na fara haka sai na ga ashe ƙwaƙwalwata tana yaudarata, wani watan in ga kamar ba abin da ya ƙaru, in na buɗe littafi in tarar da kalma 6 sababbi.

Abban_Yan_Biyu:
Ki daina haɗa ta da ɗan ƙanwarki. Shi tun yana ciki yake jin muryar uwarsa, ya shekara biyu yana tara magana a kunne. Taki kunnenta wata 7 ne da haihuwa. Wannan shi ake kira shekarun ji, wato daga ranar da aka sa na'ura. Jariri ɗan wata 7 mai lafiyayyen kunne gwaranci kawai yake yi, ba-ba-ba, da-da-da. Taki har ta yi kalma 9. Ai ta wuce lissafinta.

Maman_Nusaiba:
Na gode Abban 'Yan Biyu, wallahi har na ɗan ji sanyi. Ummu Haidar, in sha Allahu yau zan fara littafin.

Kawu_Mai_Lissafi:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Wannan maganar shekarun ji ita ta kwantar da mu har muka yi sake. Ɗana an sa masa na'ura yana shekara 2 da rabi. Kullum ana ce mana "ai kunnensa shekara ɗaya ne", "ai kunnensa shekara biyu ne", muna ta jin daɗi. Ranar da ya shiga aji, ba wanda ya tambayi shekarun kunnensa, da 'yan shekara 6 aka zaunar da shi, malami yana magana irin ta 'yan shekara 6. A nan idona ya buɗe. Shekarun ji ma'auni ne mai amfani a farkon tafiya, amma kada a mayar da shi matashin kai.

Malama_Mai_Koyon_Baki:
Wannan aikina ne, kuma Abban 'Yan Biyu da Kawu duk suna da gaskiya, kowa gefe guda ya kama. Muna riƙe lissafi biyu a lokaci ɗaya. Shekarun ji suna gaya mana ko na'ura da horo suna aiki. Shekarun haihuwa suna gaya mana faɗin tazarar da ke tsakanin yaro da tsaransa. Abin da na fi dubawa kuwa shi ne saurin tafiya. Idan a wata 6 yaro ya yi ci gaban wata 6, tazarar ba ta ƙaru ba, amma ba ta ragu ba. In ana so ya kamo sa'o'insa, sai ya yi ci gaban da ya ɗara watannin da suka shuɗe. Idan kuwa a wata 6 ya yi na wata 3, to akwai abin da ya kamata a bincika yanzu, ba sai baɗi ba.

Wani gyara kuma ga Abban 'Yan Biyu: mai raunin ji na desibel 65 ba a cikin shiru tsit take ba kafin na'ura. Tana jin ƙara mai ƙarfi da wasu wasula in an yi magana kusa da kunnenta. Sannan hankalinta da bakinta na 'yar shekara 2 ne, ba na jaririya ba. Shi ya sa muke sa ran ta yi sauri fiye da ɗan wata 7 na gaske.

Maman Nusaiba, kina da hakkin ki ce wa mai koya mata ta nuna miki a rubuce: ina take wata 3 da suka wuce, ina take yau, ina ake so ta kai nan da wata 3. "Tana ƙoƙari" addu'a ce mai kyau, amma ba awo ba ne.

Maman_Nusaiba:
Malama, to me ake ƙirgawa a matsayin kalma? Domin akwai abin da take cewa "am" in tana son a ɗauke ta, babanta ya ce wannan ba kalma ba ce.

Malama_Mai_Koyon_Baki:
Kalma ce, in ta cika sharaɗi uku: ita ta faɗa da kanta ba maimaita bakinki ta yi ba, kullum abu ɗaya take nufi da ita, kuma ta faɗe ta fiye da sau ɗaya a lokuta daban. Kukan dabba ma kalma ne, in ta ga kyanwa ta ce "miyau". Ki raba shafin gida biyu: abin da take fahimta da abin da take faɗa. Fahimta ita ce kan gaba koyaushe, kuma ita iyaye suka fi mantawa da rubutawa.

Ga kuma matakan sauraro huɗu da wani masani mai suna Norman Erber ya tsara, har yau da su muke aiki. Na farko ta ji cewa an yi sauti. Na biyu ta bambance wannan sautin da wancan. Na uku ta gane sautin na mene ne, a ce "takalmi" ta nuna shi. Na huɗu ta fahimci zance, a ce "ɗauko takalminki ki kai wa Baba" ta aikata ba tare da an nuna mata da hannu ba. Juyowa in an kira suna yana matakan farko. Ki gwada ta kina bayanta, ko kin kare bakinki, domin yaranmu gwanaye ne wajen karanta fuska da yanayi, sai a ɗauka ji suka yi.

Hajiya_Kakar_Yara:
Wannan gaskiya ne. Jikana mun shekara muna cewa yana ji, ashe idonsa ne yake aiki. In ya ga an ɗauki mukulli sai ya ruga bakin ƙofa, mu ce ai ya ji an ce a tafi.

Dan_Gwajin_Ji:
Ni ɓangaren gwajin kunne da saita na'ura nake. Kafin a zargi yaro ko uwa ko malama, a fara da tambaya guda: sautin yana isa kunne kuwa? Akwai gwajin da kowace uwa za ta iya yi da safe cikin minti ɗaya, sautuka shida na Daniel Ling: mm, uu, aa, ii, sh, s. Ba kara zube aka zaɓe su ba. Sun ratsa faɗin magana tun daga amo mai kauri, wajen hez (ma'aunin kauri ko sirantar amo) 250 zuwa 500 inda mm da uu suke, har zuwa siriri, hez 4,000 da sama inda s take. Ki tsaya inda ba ta ganin bakinki, ki faɗa da muryar hira, kada ki ɗaga, ki sassauya jerin, wani lokaci ki yi shiru don kada ta haddace. Ƙaramar yarinya za ta juyo ko ta tsaya da wasa. In ta girma kaɗan ta jefa wani abu a kwano duk lokacin da ta ji, daga baya ta maimaita. Ki gwada kunne ɗaya-ɗaya, ki rubuta a littafin da Ummu Haidar ta ce. Ranar da kika ga s ta ɓace alhali jiya tana nan, ko batir ne, ko datti ya toshe robar kunne, ko ruwa ya taru a bayan gangar kunne saboda mura, ko jin ne kansa ya ƙara sauka. Duka huɗun suna faruwa.

A takardar gwajin nan, hirar yau da kullum tana wajen desibel 45 zuwa 50. Mai raunin 65 in ba na'ura a kunnenta, kusan duk hirar gida ta wuce ta. To awa nawa take sawa a rana?

Maman_Nusaiba:
Zan ce kusan duk yini. Sai dai tana cirewa da yawa, kuma in za mu fita nakan ajiye don kada ta ɓata. Da rana ma in ta tashi daga barci wani lokaci sai an jima nake tunawa.

Dan_Gwajin_Ji:
Yawancin na'urorin yanzu suna rubuta awannin da suka yi a kunne, in kin je saiti ki ce a duba miki a kwamfuta. Kada ki ji kunya in adadin ya gaza abin da kike zato, bincike ya nuna iyaye da yawa suna kintata sama da abin da na'ura ta rubuta, ba don ƙarya ba, don yini yana da ramuka da ba a lura da su. A Amurka an bi yara sama da 300 masu raunin ji daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, masana daga Iowa da Nebraska da North Carolina, aka fitar da sakamako a 2015. Yaran da ke sa na'ura sama da awa 10 a rana harshensu ya fi saurin haɓaka a kan masu sawa ƙasa da haka. Haka ma waɗanda aka saita musu na'ura ta kai sautin magana inda ya kamata. Ƙa'idarmu ita ce, ido a buɗe, na'ura a kunne. Lokacin fita kuwa lokacin koyon sababbin kalmomi ne, ki samo igiyar da ake maƙalawa a bayan riga.

Ummu_Haidar:
Cirewar nan duk mun sha ta. Ni hula mara kauri mai igiya na riƙa sa masa ta rufe kunnuwan, bayan 'yan makonni ya saba. Kuma in na'urar tana yawan fito, robar ce ta yi masa kaɗan, kunnen yaro yana girma da sauri, sai an sake auna sabuwa.

Kurma_Mai_Alfahari:
Na karanta duka tun daga sama. Ni kurma ne tun ina shekara 3, sanƙarau ne. Ina da mata da 'ya'ya da sana'a. Tambayata gare ku: kuna ƙirga kalmomin baki, wa yake ƙirga abin da ke cikin ran yarinyar da ba ta da hanyar faɗa? Ni na yi shekaru ana kama haɓata ana cewa in ce "baba", ba wanda ya ba ni labari ko guda, ba wanda ya gaya mini dalilin da ya sa ake kuka a gida ranar da kakata ta rasu. Sai da na haɗu da 'yan uwana kurame na koyi maganar hannu sannan duniya ta buɗe mini. Magana daban, harshe daban. Ku ba ta hannu tare da baki.

Abban_Yan_Biyu:
Malam, ina girmama abin da ka faɗa, kuma ya taɓa ni. Amma mu an ce mana in yaro ya samu hannu zai yi kasalar baki. Shi ya sa muka guje shi.

Kurma_Mai_Alfahari:
Yaron da ya tashi da Hausa da Larabci, an taɓa cewa ɗaya zai kashe ɗaya? 'Ya'yana suna ji, da hannu suka fara yi mini magana kafin bakinsu ya buɗe, yau ba mai kai su surutu.

Malama_Mai_Koyon_Baki:
Wannan muhawara tsohuwa ce, har tsakanin masana ba a gama ta ba. Ga inda na tsaya. Maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta. A 1991 Laura Petitto da abokiyar aikinta sun nuna cewa jariran kurame da iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da hannu, kamar yadda masu ji suke yi da baki. Abin da ya fi tsoratar da ni a aikina ba yaro mai harshe biyu ba ne, yaron da ya kai shekara 4 ko 5 ba shi da ko ɗaya ne, domin shekarun farko ba sa dawowa. Sama da kashi 90 cikin 100 na kurame iyayensu masu ji ne, ba su san hannu ba sai sun koya, wannan shi ne wahalar. Don haka in iyali sun zaɓi baki, wajibi ne awo ya zama na gaskiya, in tafiyar ba ta sauri a ƙara hanya ba tare da ɓata lokaci ba. In kuma kuna amfani da alamu, ku rubuta su a littafin su ma, a shafinsu, don mu san girman harshen yarinya gaba ɗaya da kuma rabon da baki ya ɗauka.

Amaryar_Bana:
Ku gafarce ni zan shigo da tawa. Ɗana wata 9, ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa har aka kwantar da shi. Yana dariya, yana ihu, yana "aaa", amma ban taɓa jin ba-ba ko ma-ma ba. Surukata ta ce babansa ma bai yi magana da wuri ba. In jira?

Dan_Gwajin_Ji:
Kada ki jira, 'yar uwa. Shawara mai tsanani tana cikin abubuwan da ke sa a sa wa kunnen jariri ido, haka sanƙarau, ƙyanda, haihuwar bakwaini, da wasu allurai irin su jentamaisin. Dariya da ihu da "aaa" ba hujja ba ne, jaririn da ba ya ji ma yana yin su. Abin da ke bambantawa shi ne gwaranci mai gaɓa, baƙi haɗe da wasali ana maimaitawa, wanda yakan fito tsakanin wata 6 zuwa 10. Ɗanki bai fita daga wannan zangon ba tukuna, amma da tarihin shawarar nan ba sai an jira wata 10 ba. Akwai gwajin da ake yi jariri yana barci, a manna masa 'yan wayoyi a kai a ga yadda jijiyar ji take amsa sauti, ba zafi ko kaɗan. Ki nemi wannan musamman, domin shawara takan taɓa jijiyar ne, kuma ɗan gwajin nan mai sauri da ake sa wa a ramin kunne zai iya cewa lafiya alhali ba lafiya ba.

Ƙa'idar da kwamitin masana jin jarirai na Amurka ya shimfiɗa, ƙasashe da yawa suka ɗauka, ita ce 1-3-6: a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Tushenta har da binciken Christine Yoshinaga-Itano a Colorado a 1998 kan yara 150, inda waɗanda aka gano matsalarsu kafin wata 6 suka fi waɗanda aka gano daga baya ƙarfin harshe.

Maman_Nusaiba:
Amarya, don Allah ki je. Ni ma haka aka yi ta ce mini, na yi ta jira har wata 16. In na karanta wannan 1-3-6 sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Hajiya_Kakar_Yara:
Haba 'yata, kada ki ɗora wa kanki. Ke kika lura, ke kika kai ta, ke ce yau kike tambaya. Wata 18 ba a makara ba, nawa jikan sai da ya haura shekara 3.

Injiniya_Baban_Amal:
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, wato awo. Littafin gida yana da kyau, amma akwai takardun tambayoyi da aka tsara don iyaye. Mu an ba mu LittlEARS, tambaya 35 ce, e ko a'a, kan yadda yaro ke amsa sauti a shekaru biyun farko na ji. Muna cikewa duk bayan wata 3, makin yana hawa muna gani. Akwai kuma jerin kalmomi na MacArthur-Bates, ɗaya na ƙanana mai haɗa kalmomi da ishara, ɗaya na 'yan wata 16 zuwa 30 mai kalmomi da jimloli, uwa tana yi wa abin da ɗanta ya sani alama. 'Yata Amal dashen katantanwar kunne aka yi mata, wato na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, ba na'ura irin ta Nusaiba ba, masu duba ta kuma suna auna ta da ma'auni biyu: ɗaya na sauraro daga 0 zuwa 7, inda 7 ke nufin tana iya waya da wanda ta sani, ɗaya na fitar magana daga 1 zuwa 5, inda 5 ke nufin kowa yana gane ta.

Malama_Mai_Koyon_Baki:
Madalla Injiniya. Gargaɗi ɗaya kan jerin kalmomin: asalinsa na Ingilishi ne, kuma makin da ake kwatantawa da shi daga yaran da suka tashi da wannan harshen aka samo shi. An sake gina shi a harsuna da dama, amma sake gini ne, ba fassara ba. In ka ɗauki na Ingilishi ka juya da kanka, zai taimaka maka ka kwatanta yaro da kansa na watannin baya, amma kada ka ɗauki makin ka yanke hukunci. Yaron da ake yi wa harshe biyu a gida kuma a haɗa kalmominsa na duka biyun.

Harshenmu ma yana da nasa wuraren lura. Ku saurari ƙananan kalmomin nan: shi, su, ta, ka, ki, sun, za. Gajeru ne, ba a danna su, da yawansu da siraran baƙaƙe suke farawa, su ne suke fara zubewa daga kunnen mai raunin ji. Yarinya za ta iya tara sunaye 100 amma tana cewa "Baba tafi" maimakon "Baba ya tafi" har ta girma. Sai kuma "sa" da "sha", in ba ta bambance su a kunne ba, ba za ta bambance a baki ba.

Injiniya_Baban_Amal:
Wannan ya tuna mini. Amal tana fama da karin sauti, "kai" na mutum da "kai" na jiki duk ɗaya take faɗarsu, muryarta a miƙe. Na karanta cewa na'urar dashe ba ta isar da hawa da saukar murya sosai kamar yadda take isar da baƙaƙe da wasula, an ga haka a yaran Sin masu harshen Mandarin. Waƙa muke yawan yi da ita yanzu.

Kawu_Mai_Lissafi:
In kalmomi suka yi yawa littafi ba ya iya riƙe su, mu daga wajen 200 muka sare. Abin da aka koya mana bayan nan shi ne ɗaukar bidiyo da waya, minti 10 yana wasa da uwarsa, sau ɗaya a wata. Sai in zauna in rubuta furuci 50 a jere yadda suka fito, in ƙirga kalmomin, in raba da 50. Watan farko na samu 1.4, wato yawanci kalma ɗai-ɗai. Da ya kai 2 da ɗoriya na san jimla ta fara zama. Wani amfanin bidiyon da ban zata ba, na ga kaina. Tambaya nake ta jera masa, mene ne wannan, mene ne wancan, ba na ba shi ko daƙiƙa uku ya amsa. Daga nan na koyi yin shiru in jira.

Malama_Mai_Koyon_Baki:
Kawu, abin da ka yi shi ne awon matsakaicin tsawon furuci, wanda Roger Brown ya yi fice da shi a 1973, sai dai shi ƙwayoyin ma'ana yake ƙirgawa, wato ƙananan sassan kalma masu ɗauke da ma'ana, na iyaye kuwa ƙirga kalma ya wadatar. Jiran da ka ambata kuma babban abu ne. Akwai wata 'yar na'ura, LENA, da ake sa wa yaro a aljihun riga ta ɗauki sautin yini har awa 16, ta ƙirga kalmomin manya, da furucin yaro, da sau nawa aka yi karɓa-karɓa tsakaninsu, da lokacin da talabijin ta cinye. Karɓa-karɓar nan, ke ki faɗa ita ta amsa ke ki mayar, ta fi zuba mata magana kamar rediyo. Ba sai da na'urar ba, bidiyon Kawu zai nuna maka.

Ga alamomin hanya na yara masu ji, don a san inda aka dosa: kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu wajen shekara 2, galibi bayan yaro ya tara kalma kamar 50. Baƙo yakan gane kusan rabin maganar ɗan shekara 2, kashi uku cikin huɗu na ɗan shekara 3, kusan duka ta ɗan shekara 4. Shi ya sa yana da kyau lokaci-lokaci a kunna wa wanda bai saba da yaron ba bidiyon, domin kunnen uwa yana cike gurbi.

Ummu_Haidar:
Ni dai abin da zan ƙara, kada awon ya cinye zaman uwa da 'ya. Akwai lokacin da na mayar da gidana ajin jarrabawa, Haidar ya fara gudu in ya ga na ɗauko littafi. Yanzu sai ya yi barci nake rubutawa.

Injiniya_Baban_Amal:
Haka ne. Kuma tsayawa ba kullum take nufin abu ya lalace ba, amma kullum tana nufin a duba. Amal ta taɓa cijewa wata 2 ba sabon abu, muka koma aka tarar saitin ne yake son gyara. Cikin mako biyu ta ci gaba.

Kurma_Mai_Alfahari:
Ina nan ina karantawa. Maman Nusaiba, in kin rubuta kalmominta, ki bar shafi guda ki rubuta abin da ta ba ki labari a kai, ko da baki ko da hannu ko da jan zaninki zuwa taga. Kuma ki kai ta ta ga manya masu sa na'ura da manyan kurame, ta san ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke da raunin ji mai bukatar taimako.

Maman_Nusaiba:
Na dawo bayan kwana 10, na ga ya kamata in ba ku labari. Na zauna da babanta da yayarta muka rubuta komai da sharuɗɗan Malama. Abin da take faɗa 14 ne ba 9 ba, har da "am". Abin da take fahimta ba tare da ta ga bakina ba 31. Alamu da hannu da ita ta ƙirƙiro 5, na ba su shafinsu kamar yadda Malama ta ce, kuma na fara neman inda zan koyi maganar hannu ta gaske. An duba na'ura a kwamfuta: awa 6 da rabi a rana. Na yi kuka a wurin, amma yanzu da igiya a bayan riga, ko fita za mu yi ba na cirewa. Gwajin sauti shida kuma, tana amsa biyar daga taku uku, amma s sai na matso dab da kunnenta, a hagu ma ba ta amsawa sam. Wannan fa, Malam Ɗan Gwaji?

Dan_Gwajin_Ji:
Wannan shi ne irin bayanin da muke so uwa ta zo da shi. Nisa yana cin sauti, duk ninkin tazara yana rage kusan desibel 6, kuma s ita ce mafi rauni a cikin shidan, amma bambancin dama da hagu abin dubawa ne. Ki kai littafin, ki ce a leƙa kunnen hagu ko akwai ruwa ko datti, a gwada na'urar hagun ita kaɗai, sannan a auna sautin da take fitarwa daidai da girman ramin kunnenta, ba da saitin da kamfani ya zo da shi ba. In an yi duka s ba ta dawo ba, akwai na'urorin da ke sauko da siraran sautuka zuwa inda kunne ke iya kamawa, ki tambaya ko tata tana da wannan.

Abban_Yan_Biyu:
Mu ma ba mu taɓa gwada kunne ɗaya-ɗaya ba, gobe da safe zan fara. Malama, yaran da suke tagwaye ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji, mai jin yana amsa masa komai kafin ya buɗe baki, shi ma a littafi ɗaya za a rubuta su ko a raba?

Amaryar_Bana:
An ba mu ranar gwajin barcin, Laraba mai zuwa. Sun ce in hana shi barcin rana kafin mu je. Ku sa mu a addu'a.